Gonar Tabawa Ba Ta Ja

Tabawa tana tsakiyar gonarta tana tara karan dawa da ya saura daga bara, wata Talata cikin bazara, sai ta ga farar mota ta baro hanyar Mallawa ta tsaya a gindin gawo. Mutum biyu suka fito, direba da wata budurwa mai hular rana a kan ɗankwali, rungume da akwati mai girman kular ƙanƙara.

Ta san da zuwansu. Mai garin Tudun Baushe ya sa an yi shela cewa ma'aikatan ruwa za su zo daga Magariya su duba inda za a haƙa foraji, wato rijiyar burtsatse, don rijiyar garin in bazara ta yi nisa laka guga ke fitowa da ita. Amma Tabawa ta zaci za ta ga maza da diga da dogayen ƙarafa.

"Sannu da aiki, Inna," in ji budurwar. "Sunana Zahara'u. Za mu ɗan yi awo a gonarki, ba za mu ɓata kome ba."

"Bismilla, 'yata. Ai babu abin ɓatawa, ƙasa ce ƙwal."

Zahara'u ta kafa wani faifan ƙarfe mai ƙafa uku, ta ɗora akwatin a kai, ta durƙusa tana murɗa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya kamar mai daidaita tukunya a kan murhu. Tabawa ta matso da damin kara a ka don ta leƙa.

"Inna, don Allah ki ɗan ja baya. Taki goma haka. Kuma ki tsaya wuri guda."

"Cizo take yi?"

Zahara'u ta yi dariya. "A'a, tana jin takun ƙafa ne. Kuma ke ma ai kina jan ta."

Tabawa ta dubi hannayenta, duka biyun suna riƙe da dami. "Ni? Ban ko taɓa ta ba."

"Ba sai kin taɓa ba. Bari in gama, sai in gaya miki."

Da ta rubuta lambobinta a kaye, ɗan littafin aikinta, ta zo ta tsaya kusa da Tabawa tana shafe zufa. Ta ce duk abin da ke da nauyi a duniya yana jan ɗan'uwansa. Ƙasa tana jan mutum, shi ya sa in ka yi tsalle kake dawowa. Mutum ma yana jan ƙasa. Mota tana jan gawo, gawo yana jan mota. Babban abu ya fi ƙarami ja, na kusa ya fi na nesa. Ta ce cikin akwatin akwai ɗan ƙarfe a rataye, kamar sikelin da ake rataya jarirai a gidan likita, shi ke nuna yawan jan da ƙasa ke yi a kowane wuri.

"Ba ko'ina take ja daidai ba?"

"A'a. Inda dutse ke ƙarƙashi ta fi ja. Tun safe muke awo daga bakin hanya, kuma gonarki ba ta ja kamar na maƙwabta. Nan jan ya ragu."

Tabawa ta sauke damin a hankali. Shekara talatin da wani abu tana noman wannan gona, ba wanda ya taɓa ce mata tana da wani aibu.

"Abin kirki ne ko mugun abu?"

"Ina fata na kirki ne. Sai na kai lambobin buro, can ofishinmu, an haɗa su."

Direba ya danna ham, ya ce saura wuri ashirin kuma rana na yi. Zahara'u ta ɗauki akwatinta ta yi sallama. Tabawa ta bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta mayar. Ba ta ji wani bambanci ba.

Mijinta Habu ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure, don haka ƙanin mijin nata, Yakuba, shi ta fara gaya wa da ya shigo gaishe ta da la'asar. Ya saurara yana susar gemu.

"Ba ta ja? To, Yaya, ai magana ta fito. Rami ne a ƙarƙashi. Abin da babu kome a cikinsa da me zai ja?"

"Ta ce tana fata abin kirki ne."

"Haka suke cewa. Man fetur suka gano. Wata rana za ki tashi ki tarar an kewaye gonar da waya."

"Yakuba, rami ne ko man fetur? Yanzu ka ce babu kome a ciki."

"Ramin man fetur," in ji shi, ya tashi ya fita.

Kafin kwana biyu maganar ta zaga gari, kuma kowa da irin tasa. A bakin rijiya Zulai, ƙawarta tun suna amare, ta ja ta gefe ta ce, "An ce gonarki ta saki. Gaskiya ne?" Tabawa ta ce sakin me, Zulai ta ce ita ma ba ta sani ba, haka dai ta ji. Wata ta ce ai dama ta lura hatsin Tabawa ya fi na kowa tsawo, ashe ƙasar ce ba ta riƙe shi. Wata kuma ta rantse cewa abin da 'yar Magariyar ta faɗa shi ne gonar tana jan mutane, kuma ta hana awakinta bi ta can. Tabawa ta buɗe baki za ta gyara musu, sai ta tarar ita kanta ba ta san inda za ta kama ba.

Ta yanke shawarar ta gwada da kanta. Da sassafe ta ɗauki ɗan dutsen niƙanta ta ɗora a ka. Ta tsaya a gonar maƙwabcinta Najib, ta sauke shi, ta jinjina shi da hannu biyu. Ta ƙarasa tata gonar ta sake jinjinawa. A tata ya fi nauyi. Ta zauna ta yi tunani, ta ga ko don ta gaji ne. Kashegari ta zagaya ta bayan gari ta fara da tata gonar, sai ya zama a ta Najib ya fi nauyi. Ta ɗaga shi daidai ƙirji ta saki, ya faɗi tim. Ta tsallaka iyaka ta sake saki, ya faɗi tim. Tana cikin yi na huɗu ta ji gyaran murya, ga Najib a kan amalankensa yana kallonta.

"Lafiya, Inna Tabawa?"

"Kunama na gani," ta ce.

"A gonata da taki duka?"

Ta ɗauki dutsenta ta yi gida.

A ranar ce kuma tana wanke-wanke ta jefa ludayi biyu cikin baho, ta juya ta ɗauko sabulu. Da ta waiwayo sai ta ga suna matsowa kusa da juna a kan ruwan, a hankali, har suka haɗu. Ta raba su, ta cire hannu, ta riƙe numfashi. Suka sake haɗuwa. Ta yi haka ya fi sau goma. Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa. Ta tashi da sauri ta jingine taɓarya, ta gungura turmi ta ajiye kusa da randa, ta bar tsakaninsu faɗin yatsa biyu, ta ja layi a ƙasa. Tunda manya sun fi ja, waɗannan kam ba za su daɗe ba. Har aka kira azahar, aka kira la'asar, turmi yana inda yake, randa tana inda take.

Da abin ya tsaya a nan, da ta haƙura ta bar wa masu boko kayansu. Amma ranar Juma'a ta koma gona ƙone ragowar kara, ta zauna hutawa a gindin gawo, sai ta ɗaga kai ta ga reshen. Har yanzu akwai sarar gatari a jikinsa. Shekara huɗu da suka wuce Habu ya hau wannan reshe yana sassabo wa tumaki ganye, ƙafarsa ta zame, ya faɗo. Kwana biyu ya yi bai yi magana ba, ya cika. Tun daga lokacin ta ajiye maganar a inda kowa ya ajiye ta: kwanansa ya ƙare. Ba ta taɓa tunanin an jawo shi ba ne. Ita a saninta faɗowa ya yi.

Yanzu kuma ga wata ta zo ta ce ƙasa ja take yi. To in ja ne, kuma wannan ƙasar ba ta da ƙarfin ja, yaya aka yi ta buga shi haka? Ko kuwa shi ne ya ja ta? Yarinyar ta ce mutum ma yana ja, kuma babba ya fi. Habu ƙato ne, ba ya shiga ƙofar ɗaki sai ya karkace. Da siriri ne irin Yakuba, da ya tashi ya kakkaɓe rigarsa? Da ita Tabawa tana tsaye a wancan gefen maimakon ta tafi gida ɗauko fura, da nata jan ya karkato shi ya faɗa kan tarin ganye?

Ta kasa cin tuwo ranar. Ta so ta tambayi liman, ta ji tsoron kar ya ce tana jayayya da ƙaddara, alhali ita ba jayayya take yi ba, so take kawai ta san abin da ya faru a tsakanin reshe da ƙasa. Ranar Litinin ta gaya wa Yakuba za ta Magariya duba 'yarta Rukaiya. Ta hau kabu-kabu, babur na haya, har bakin babbar hanya, ta shiga mota.

Ba gidan Rukaiya ta fara zuwa ba. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata buron ma'aikatan ruwa. Zahara'u tana zaune a bayan tebur, ba hula, ta yi kamar ƙaramar yarinya. Ta gane Tabawa nan take, ta tashi ta ba ta kujera, ta kawo ruwa.

"Inna, da kanki? Ai kuwa kin zo a daidai. Dubi."

Ta shimfiɗa wata babbar takarda mai launi-launi, ja da ɗorawa da shuɗi. Ta ce ja shi ne inda ƙasa ta fi ja. Wani shuɗin layi ya ratsa takardar a karkace. Ta ɗora yatsa a kai. "Nan ce gonarki. Muna zaton tsohon rafi ne a ƙarƙashi, tun zamanin da babu kowa a wurin. Ya ci dutse ya yi kwari, daga baya yashi ya cike shi. Yashi bai kai dutse nauyi ba, shi ya sa jan ya ragu. Kuma yashi yana riƙe ruwa."

"Ba rami ba ne?"

"Ba rami ba ne."

"Ba man fetur?"

"Wa ya ce man fetur?"

Tabawa ta share wannan. Ta gyara zama ta ba ta labarin ludayi, da ɗan alfahari, don ta nuna ita ma ta gani da idonta. Zahara'u ta yi murmushi tana girgiza kai.

"Wannan ba shi ba ne, Inna. Wannan fatar ruwa ce ke haɗa su."

"Ruwa yana da fata?"

"Wani abu mai kama da fata, a samansa. Wani karatu ne daban."

"Amma kin ce kowane abu yana jan ɗan'uwansa."

"Yana ja. Sai dai jan ludayi ya yi ƙanƙantar da ba za a gani ba. Turmi ma haka. Sai abu ya kai girman duniya ake ji a jiki."

Tabawa ta juya maganar a ranta. "Wato wanda na gani ba shi ba ne. Wanda yake shi ne kuma ba a ganinsa."

"Kusan haka."

"To ke ina kika gan shi?"

Zahara'u ta nuna akwatin da ke ajiye a lungu. Tabawa ta dube shi. Akwati ne kawai, an rufe shi da tsumma.

Sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta kama sunansa ba, ta ce mai gidan. Ta faɗi reshen, da gatarin, da furar da ta tafi ɗaukowa. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ta riƙe bakin mayafinta tana murzawa. Zahara'u ta naɗe takardar ta ajiye gefe, ta jawo kujerarta ta zagayo kusa.

"Allah ya ji ƙansa, Inna. Laifina ne, na yi miki magana rabi na tafi. Ragin da na ce miki, ki ɗauki buhun hatsi cike, ki cire ƙwaya goma. Iyakarsa ke nan. Injin ne kawai ke iya jin sa. Da a gonar maƙwabcinki ya faɗo, ko a nan Magariya, duk ɗaya ne."

"Da siriri ne fa?"

"Siriri da ƙato tare suke isowa ƙasa."

"Kin ce babba ya fi ja."

"Ya fi ja, amma kuma ya fi wuyar jawowa. Sai abin ya zo daidai."

Tabawa ta rufe ido ta buɗe. Wannan ta bar shi ya wuce, ba ta da inda za ta sa shi. "Ni kuma da ina tsaye a wurin?"

"Da ba abin da ya sake. Jan da kike yi bai isa ya motsa ko ganye ɗaya ba. Wallahi, Inna."

"Amma shi ya ja ta."

Da alama Zahara'u ta so ta ce a'a a wuce wurin. "Ya ja ta," ta ce.

"Ta taso ta tarye shi ke nan?"

"A lissafi, e. Amma tasowar ba ta kai kaurin gashi ba. Ba ta ko kama hanyar kaiwa ba."

Tabawa ta zauna da wannan maganar. Ƙasa duka, da Magariya da Dungas da Kano da Makka a kanta, ta ɗan motsa saboda Habu. Ba ta san ko sanyi ta ji ko zafi ba. Hawaye ya zo mata, ta share, kuma ba ta iya cewa ga na mene ne ba.

"Me ya sa suke ja ɗin?" ta tambaya daga baya.

"Mun san yadda ake aunawa, mun san lissafinsa. Dalilin kam, a jami'a a Damagaram an yi mana wani bayani, wai sarari ne ke lanƙwashewa." Ta ga fuskar Tabawa, ta tsaya. "Haka Allah ya yi shi, Inna. Mu awo muka iya."

Ta raka ta har bakin titi. Tabawa ta kwana biyu a gidan Rukaiya, ta ci abinci sosai, har 'yar ta ce ko a gida ba a dafawa ne. Ba ta gaya mata kome ba.

Bayan mako shida, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba, sai ga manyan motoci, kamiyo biyu, sun iso da injin haƙa. Suka kafa shi a kusurwar gonar ta kudu. Garin duka ya fito, har mai awakin nan, ko da yake ita a kan iyaka ta tsaya. Kwana biyu ƙarfe yana shiga, yashi fari yana fitowa. A rana ta uku da hantsi yashin ya fito a jiƙe, can sai laka, can sai ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa ma'aikatan. Mata suka rangaɗa guɗa. Yakuba yana gaba-gaba yana gaya wa mutane cewa shi tun ranar farko ya ce akwai abu a ƙarƙashin nan.

Zahara'u ba ta zo ba, an ce an tura ta awo wajen Bande. Da hayaniya ta lafa, Tabawa ta kai wa shugaban masu haƙar ƙwaryar fura. Wani dattijo ne mai suna Zakariya, hannunsa duk baƙin mai. Ya sha ya yi godiya. Ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, kai da ka daɗe a aikin nan, wannan jan da ƙasa ke yi, ka gane shi?"

"Wane ja?"

"Wanda ake aunawa da akwati. Wai kowane abu yana jan ɗan'uwansa, har ni da kai da kamiyon nan."

Zakariya ya dubi kamiyon, ya dube ta, ya goge baki da bayan hannu.

"Hajiya, shekara ashirin da shida ina haƙa. Ni dai takarda ake ba ni a ce ga wuri. Wani lokaci a samu, wani lokaci a tashi a banza. Wai har da ni a masu jan?"

"Haka ta ce."

"Ikon Allah," in ji shi. Ya miƙa mata ƙwaryar, ya koma ya ci gaba da kwance ƙarafa, amma ta ga ya tsaya sau biyu yana kallon ƙasa.

Aka sa pampo aka zuba siminti. Tun ba a yi mako ba matsala ta taso, don mata da shanu da amalanke sun fara ratsa tsakiyar gonar zuwa ruwa, ga shuka ta matso. Tabawa ta ce hanya ta bi ta kan iyakarta da Najib, kowa ya ba da taki ɗaya. Najib ya ce ruwan a gonarta ya fito, ita za ta ba da duka. Sai da aka je gaban mai gari sau biyu kafin ya yarda da rabin taki. Ranar da aka yi ruwan shuka tana can tun da safe, ita da Yakuba, suna jan ƙaya suna shinge, yana ce mata ta karkata layin, tana ce masa idonsa ne a karkace.